Akwatin da Shekarunsa Ke Tafiya da Baya

A ofishin binciken ƙasa, in ka sauka matakala goma sha huɗu ka bi ta bayan ɗakin janareta, za ka tarar da wani dogon ɗaki mai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Nan ce fadar Uwar Laka. Sunanta na gaskiya yana jikin takardar albashi, amma ko mai gadi bai san shi ba.

Shekara ashirin da shida ke nan da shigowarta ofishin, kuma da tsintsiya ta shigo, ba da takardar makaranta ba. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, ga ƙaninta Auta da ta goya tun rasuwar mahaifiyarsu. Sai ta samu aikin shara. Masu haƙa na ofishin sukan je filin da za a yi gini, su tura bututu cikin ƙasa, su zaro laka doguwa kamar sandar rake, su jera ta a akwatin katako, layi biyar, kowane layi mita ɗaya. Ita kuma ta share abin da ya zube.

Wata safiya tsohon Farfesan da ke shugabantar ofishin ya sauko, ya same ta durƙushe gaban wani akwati, tsintsiya a yashe.

"Me kike yi a nan?"

"Ƙirga nake, ranka ya daɗe. Fari, baƙi, fari, baƙi. Na kai ɗari biyu da sha ɗaya ka katse ni."

Da wani shugaban ne, da ya kore ta. Shi kuwa ya tattare wandonsa ya durƙusa kusa da ita. Ya ce mata dubban shekaru da suka wuce ƙanƙara ce ta lulluɓe tsaunukan da ke bayan gari, kaurinta ya fi tsayin kowane bene, kuma a gindinta akwai tafki. Da zafi sai ta narke, ruwa ya kwaso rairayi ya zuba a tafkin, shi ne farin layin. Da sanyi tafkin ya daskare, ruwa ya natsu, laka mai laushi ta sauka a hankali, shi ne baƙin. Fari ɗaya da baƙi ɗaya, shekara guda ke nan. Sannan ya ce ta ɗora yatsa ta ja daga ƙasa zuwa sama. Ta ji kaushi yana raguwa kaɗan-kaɗan har ya koma santsi, sai kwatsam kaushi ya dawo.

"Kin shiga sabuwar shekara," in ji Farfesa.

Ai fa shi ke nan, an taɓo mata inda yake mata ƙaiƙayi. Mako guda ba ta da hira sai ta ƙanƙara. Ta tare maƙwabta a bakin famfo ta ce musu a kan tafki suke kwana, suka ce aikin shara ya fara taɓa ta. Ko a jikinta. Farfesa ya karɓe tsintsiyar ya ba ta wuƙa da ma'auni, ta koyi tsaga laka, ta koyi rubuta lamba, ta zama ita ce mai ɗakin akwatuna. Ita ta roƙa wa Auta aiki a wurin masu haƙa, ya fara da ɗaukar bututu, har ya zama shugabansu da injinsa na kansa. In ta ji ƙarar injin nan a farfajiya, sai ta kalli duk wanda ke kusa ta ce, "Na gidanmu ne."

Farfesa ya yi ritaya, aka kawo na'urori masu auna ƙarfin ƙasa, ba wanda ya sake tambayarta shekara nawa ke cikin akwati. Ita dai ba ta fasa ba. Duk akwatin da zai hau kantar ajiya sai ta shafa shi tukuna, don jin daɗinta kawai.

Bara waccan, wata Talata da hantsi, ƙasa ta girgiza. Unguwannin da ke kan dutse kofuna kawai suka faɗo. Na gangare kuwa, masu zaune a kan tsohon tafkin, bango ya yi ta tsagewa. Makarantar jikarta ta dare gida biyu, Allah ya sa yara suna filin wasa. Tun ranar a tanti suke karatu, kuma kullum yarinyar sai ta tambaya, "Kaka, yaushe za ku gama duba mana ƙasar?" Kamar dai Kakar ce ke riƙe da ginin a aljihu.

Aka ware fili don sabuwar makaranta, bene hawa uku, aji goma sha biyu. Auta ya haƙa rami tara, kowanne mita goma sha bakwai kamar yadda aka umarce shi. Takwas sun nuna laka a sama, tsakuwa mai ƙarfi a wajen mita goma sha shida. Akwatin ƙarshe na rami na tara ma haka ya nuna: layi huɗu laka, na biyar tsakuwa. Injiniya, wata mata mai kaifin kai da ba ta son jan magana, ta rubuta cewa a kafa turakun kankare su sauka mita goma sha shida su zauna a kan tsakuwar. Aka sa hannu. Ranar Alhamis da safe za a fara zuba kankare.

Ranar Laraba da azahar akwatunan suka sauko wurin Uwar Laka don ajiya. Tana ɗan waƙe-waƙenta ta buɗe akwatin ƙarshe na rami na tara, ta ga layuka sun fito tsaf, fari da baƙi, har ta tafa hannu don murna. Ta duba kibiyar da ke jikin murfi mai nuna sama, ta ɗora yatsa ta ja.

Santsi, sai kaushi yana ƙaruwa a hankali, sai kwatsam santsi.

Ta goge yatsan a zaninta ta sake ja. Haka dai. Ta koma layi na biyu, na uku, na huɗu. Sai dariya ta ƙwace mata ita kaɗai a ɗaki. "Ikon Allah, yau ga shekaru suna tafiya da baya." Shekara ashirin da shida ba ta taɓa jin irin wannan ba, har zuciyarta na tsalle kamar ta yarinya.

Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta yanke. Shekaru ba sa tafiya da baya. Akwati ne aka juya. Ta ɗaga murfin ta juya shi, ya zauna daram, ta kowane ɓangare yana shiga. In haka ne, tsakuwar nan ba a ƙasa take ba, a sama take, ɓawo ne kawai mai kaurin mita ɗaya. Ƙarƙashinta laka ce zalla, kuma ba wanda ya san inda ta ƙare. A kusurwar da aka haƙa ramin nan kuwa za a ɗora matakalar bene. Kibiyar kuwa da jan fenti, hannun Auta ne, ko a mafarki ta san shi.

Tsoro ya kama ta sosai. Dokar ofishin ba ta da kwana: shugaban haƙa da ya rikita akwati, injin ya bar hannunsa. Ba wanda ya gani sai ita. In ta tura akwatin kan kantar ajiya ta rufe ƙofa, magana ta mutu. Ta zauna a kan kujerarta kamar minti biyar. Sannan ta tashi ta hau matakala goma sha huɗun nan da gudun da gwiwoyinta suka manta da shi.

Ta sami Auta a farfajiya yana wanke injinsa da tiyo.

"Auta, kashe ruwan nan. Rami na tara, me ka fara tararwa bayan mita goma sha biyu?"

"Haba Yaya, rami tara a mako ɗaya, ina zan tuna?"

"Za ka tuna. Hannunka ne a kan sandar injin."

Ya kalli ruwan da ke bin ƙasa. "Ranar ce aka yi ruwan nan mai ƙarfi. Takardata ta jiƙe ta yage, muka rufe akwatuna a guje." Ya kashe ruwan. "Injin ya yi ta kuka a kan tsakuwa, sai kuma sandar ta sulale ƙasa ba wuya." Bakinsa ya tsaya a buɗe. "Tsakuwar ce farko."

"Murfin ka juya."

"Yaya, shekara goma sha tara ina aikin nan. Kin san abin da za su yi mini."

"Na sani, ɗan'uwana. Ni na kawo ka nan, kuma ya fi yi mini ciwo. Ko ka riga ni hawa wurin Injiniya, ko ka biyo ni. Zaɓin ke nan."

Ya jefar da tiyon, ya goge hannu a wando, ya wuce gabanta.

Injiniya ta saurare su tana juya biro. "Inna, kin san girmanki nake gani. Amma motocin kankare goma ne za su fito gobe. In tsayar da su saboda yatsa?"

"Saboda naki yatsan, 'yata. Taso mu je."

Uwar Laka ta ja ta har ƙasa, ta sa ta durƙusa da tsadadden siket ɗinta, ta kama mata yatsa kamar yadda aka taɓa kama nata. Suka fara da akwatin rami na takwas. "Ja. Kin ji? Kaushi, ya ragu, ya ragu, santsi, sai tsalle. Haka duniya ke tafiya. To zo nan." Injiniya ta ja a na tara. Ta sake ja. Ta cire tabarau ta ja a karo na uku, idonta a rufe.

"Na karanta wannan a aji biyu na jami'a," ta ce a hankali. "Ban taɓa taɓa shi ba." Ta miƙe ta ciro waya, laka a yatsanta har kan gilashin. Motocin kankare ba su fito ba.

Aka kira Auta sama. Ya fito da takarda a hannu: daga wata mai zuwa ya koma mataimaki, injin ya koma hannun wani. Alfarma ɗaya Injiniya ta nema masa, shi zai haƙa rami na goma a gefen na tara, kuma kada ya tsaya sai ya taɓa ƙasa mai ƙarfi. 

Ranar Asabar Uwar Laka ta je filin, karo na farko a rayuwarta da ta ga ana zaro lakar da take shafawa. Ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Duk bututun da ya fito sai ta ruga ta leƙa, hular kwanon da aka ba ta tana zamewa kan idonta. Tsakuwa ta zo a mita goma sha biyu, injin ya yi kukansa, ya huda. Daga nan sandar ta kama sulalewa. Goma sha shida, inda turakun za su zauna, laka. Ashirin, laka. Ashirin da biyar, laka mai laushin da yatsa ke nutsewa a ciki. Masu aiki suka daina raha. Sai a mita ashirin da tara injin ya yi gurnani ya tsaya a kan dutse.

Auta ya kashe injin. Ya daɗe yana kallon tantunan da ke can ƙarshen fili, inda tebura ke jere ba kowa.

"Yaya, yara nawa ne?"

"Ɗari biyar da 'yan kai. Har da tamu."

Ya zauna a kan taya ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Ta bar shi ya gama. Da ya tashi, ya ɗauko gwangwanin jan fenti, ya tsallake murfin, ya zana kibiyar a jikin ainihin akwatin, inda ba mai iya juya ta. Sannan ya rungumo akwatin ya dire shi a gabanta.

"Shafa ki ji, Yaya."

Ta durƙusa ta ɗora yatsa. Kaushi, ya ragu, ya ragu, santsi, sai tsalle.

"Gaba suke tafiya," ta ce. Ta matsa gefe ta ba shi wuri. "Kawo hannunka, Auta. Tuntuni ya kamata in koya maka."