Mawaƙin Faris ɗan Maraɗi

Jiya a gidan shayin Amm Sayyid da ke unguwar Ard al-Liwa a Alƙahira na ce masa, "Ka ga mai jar rigar can? Mawaƙi ne daga Faris."

Ƙarya ce fa. Isuhu ne, abokin ɗakina ɗan Maraɗi. Ya haddace waƙoƙin wata mawaƙiyar Faransa da aka haifa a nan Alƙahira, burinsa ya zama kamarta, amma kunya ta sa a banɗaki kawai yake rerawa.

Amm Sayyid ya kashe talabijin, ya ce yalla, wato a fara.

Isuhu ya raɗa min, "Shegen kaya, yau sai na karya ka."

Na ce, "Ma'alish, yi haƙuri, sai bayan waƙa."

Ya fara murya na rawa, can ta zauna daram. Ni da allo kawai na yi ban gane komai ba, amma masu wasan domino da ke wurin duk sun tsaya cak.

Amm Sayyid ya dafa shi, ya ce, "Faris ina? Kullum ina ganinka layin biredi. Amma ka dawo ranar Juma'a."

Ku raba mana gardama: godiya na cancanta ko duka?