Saƙonni Tara Daga Akwatin Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Asabar sha ɗaya ga watan nan, da hantsi, a ɗakin aikinsa. Yau kwana shida ina rubutawa ina gogewa. Ni ba gwanar rubutu ba ce, ku yi haƙuri da ni.

Kawu, mutanen unguwa da gyaran rediyo da fanka suka san ka, mu 'yan gida kuwa da rumbu. Ga wanda bai sani ba, rumbu wata tsohuwar kwamfuta ce marar allo da ya ajiye a ƙarƙashin tebur, kullum a kunne. Duk hotunan danginmu suna ciki, har da muryar marigayi Babana yana yi wa akuya faɗa. Ranar da wayata ta faɗa bokitin wanki na zo maka ina ihu, ka bar ni na yi mai isata, sannan ka ce, "Uwar data, share majinar nan, kayanki na rumbu." Har hotunan shirmena suna ciki, amma ba ka taɓa ɗaga min zancensu ba.

A gefen rumbun akwai wani baƙin akwatin batir, shi ke riƙe shi in an ɗauke wuta. Ka haɗa shi da wayata yana turo min saƙo. Ka ce, "Tunda ko banɗaki da waya kike shiga, ke ce mai gadi." Duk Asabar da safe kana zare filogi da hannunka don gwada batir. Saƙo ya shigo min cewa wuta ta ɗauke. Bayan minti biyar ka mayar, wani ya shigo cewa ta dawo. Sai in kira ka in ce na gani, daga nan hira ta ɓarke. Kuma ka faɗa min da bakinka: in na ga na farko ban ga na biyu ba, in neme ka.

Wata uku da suka wuce na kashe wa saƙon ƙara. Wai yana katse min bidiyo in ina ɗaukar tallan mayafai. Ka lura kira ya tsaya, ka ce, "Mai gadi ta fara gyangyaɗi." Na ce maka sabis ne. Ƙarya na yi, Kawu.

Ranar Asabar ɗin Anti, matarka, ta tafi kasuwa. Ƙarfe goma da minti biyar saƙon farko ya shigo. Na biyu bai zo ba. Sai dai akwatin ya yi ta turowa, batir ya ragu, ya ƙara raguwa, saura kaɗan, har ya ce ya kashe rumbu. Saƙo tara cikin minti arba'in da biyar. Wayar tana hannuna fa. Ina can ina musu da wasu a kan ɗinkin wata amarya da ban ma san ta ba. Tsakanin gidanmu da naku tafiyar minti goma ce a ƙafa. Sai sha biyu Anti ta dawo ta same ka a ƙasa, filogin kusa da hannunka.

Likita ya ce zuciya ce, wataƙila nan take ne. Mama ta ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma wannan "wataƙila" ɗin ta hana ni cin abinci.

Anti, shekaranjiya kin riƙe hannuna kin ce, "Da kin san halin da yake ciki da kin zo a guje, 'yar gaban goshinsa." Na sunkuyar da kai. Bakina ya kasa, shi ya sa na rubuta, na san babbar 'yarki za ta karanta miki. An sanar da ni, ni ce ban duba ba. Gobe bayan la'asar zan zo in durƙusa a gabanki, duk abin da kika faɗa min na ɗauka.

Ya Allah Ka jiƙan Kawu, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa duk abin da ya gyara wa mutane ya zame masa shaida. Ka ba Anti da 'ya'yansa da Mama haƙurin rashinsa. Ni kuma ku roƙa min gafara, don wanda zan roƙa kai tsaye ya riga ya tafi.