Ranar da Mashin ɗin Yaya Ya Haura Katanga

Mashin a kwali yake zuwa, gunduwa-gunduwa kamar naman layya: taya daban, kai daban, kujera daban. Kowa a bakin shago ake haɗa masa, ya hau ya tafi. Ban da yayana.

Shi tsoronsa 'yan aro. A layinmu na Dala, ka sayi mashin da safe, kafin azahar kai ne mai roƙon a ara maka. Don haka ya shigo da kayan kaɗan-kaɗan yana cewa gado ne, ya kawo bakanike daga Ƙofar Ruwa har tsakar gida. Aka ɗora inji, aka ɗaura tayoyi, aka ɗaure kai da madubai. Nufinsa ya riƙa sulalewa da asuba.

Sai fita. Ƙofar zaurenmu kuwa ta kakanni ce, mai ƙiba ma a karkace yake shiga. Kan mashin ya ƙi wucewa.

Na ce, "Yaya, bar shi nan mana, ka riƙa kai Umma kicin."

Ya ce, "Wallahi zan make ka!"

Ya nemi a fasa ƙofa, Baba ya ce sai dai a fasa mashin. Bakanike kuma ya kama gabansa. Dole Yaya ya tattaro ƙattin layinmu, waɗanda yake ɓoye wa ɗin, suka cicciɓa shi ta katanga suna ihu, "Gado ya yi taya!"

Yana dira, babbansu ya ɗare kai, ya miƙo hannu. "Kawo makulli, mu ji laushin katifar."

Sai bayan la'asar Yaya ya samu aro.