Jarkar da Taubashina Ya Rantse Ya Sirka

Taubashina ne ya kashe mini idon hagu, ɗan goggona, sannan ya bi dangi yana cewa jahilcina ne ya ci ni. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa.

Lokacin ina da rumfar cajin batir a bakin tasha a Daura. Boko dai tun a firamare muka raba gari, amma haɗa ruwan batir na iya shi kamar cin tuwo. Tsantsar asid kashi ɗaya, tataccen ruwa kashi uku. Ruwan ake fara zubawa a roba, sannan a riƙa tsiyaya asid a kai kaɗan-kaɗan, ana juyawa, ana bari ya huce. Ba a zuba ruwa a kan tsantsa, tafasa yake yi ya yi tsartuwa. Da ranƙwashi maigidana ya dasa mini wannan a ka. Amma wanda aka riga aka sirka, in ya ɗan yi ƙarfi, ƙara masa ruwa ba komai ba ne.

Da masu sola suka yawaita, ana kawo mini batura daga Baure har Babban Mutum, sai Goggo ta roƙe ni in ja ɗanta a jiki. Sa'ana ne, zaman kashe wando kawai yake yi. Na koya masa duk abin da na sani. Wata rana ya sayo kaya daga Kano, na ce ya haɗa kafin in dawo daga jana'iza. Na dawo na tarar da jarka a inuwa, ruwan batir rabi a ciki, shi kuma yana kan babur, ya sha babbar riga zai tafi ɗaurin aure. Na tambaye shi wane ruwan batir ne wannan, don mu da tsantsar da sirkakken duk ruwan batir muke ce musu. Ya ce sirkakke ne, ya dai ɗan yi ƙarfi, in ƙara masa ruwa. Na sake tambaya. Ya yi dariya ya ce ashe bawan nasa ya fara kurumcewa, wallahi ya sirka. Ya ja babur. Wannan wallahin ce ta hana ni ɗauko ma'auni.

Na sunkuya na tuttula ruwa. Ƙarar da na ji kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai, daga nan sai wuta a fuskata. Mai shayin da ke kusa da ni ne ya juye mini durom ɗinsa a ka, shi ya ceci idon dama. Na hagun ko a Kano likitoci sun ce sai haƙuri. Kumatuna har yau kamar tsohon buzu.

Ina kwance ya isa gaban Goggo ya ce ya gaya mini tsantsa ce, ni ne ban iya lissafi ba. Aka yarda da shi. Masu kawo batir suka watse, wa zai ba da kayansa ga wanda aka ce ƙidaya uku ta gagare shi? Shi ya gaje su. In mun haɗu a sabga sai ya kira ni mai fitila ɗaya, in na ɓata rai a ce wasan taubashi ne. Ku masu wannan sana'a, ku yi wa jarka alama, ku auna da hannunku, ko ubanku ne ya rantse.

Bana ya samu kujerar Makka. Ya zo ƙofar gidana sallama, shi da abokansa, ya durƙusa ya ce in yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, kamar yadda ake faɗa wa kowa. Na ce ya ɗago ya dubi wannan ramin da ke fuskata. Ya kasa. Na ce masa a rayuwarsa sau ɗaya ya iya sirki, shi ne yau, da ya sirka laifinsa a cikin na kowa da kowa. Na ce ni tsantsa ya zuba mini, tsantsa nake so: ya je gaban Goggo ya faɗi abin da ke cikin jarkar nan da bakinsa. In ba zai iya ba, ya hau jirginsa, Allah ya kiyaye hanya. Wanda ya rantse da shi ran nan, ai ɗakinsa za shi.