Inna Ummusalma, mai yi wa ɗakunan Tajaye ado

Da ta sallame sallar asuba, Inna Ummusalma takan ɗauki ƙwarya da 'yar fartanya ta nufi ramin bayan gari, inda take haƙo farar ƙasa da ja. Kafin rana ta yi zafi ta dawo, ta jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar da ke ƙarfafa shafe, ta tankaɗe ƙasar kamar mai shirin tuwo. Shekara talatin da 'yan kai ta yi tana haka, kuma da wuya ka shiga unguwa a Tajaye ba ka tarar da ɗakin da hannunta ya taɓa ba.

Aikinta adon ɗaki ne. Amma ba ta taɓa bango sai ta zauna a tsakar ɗakin ta dubi inda haske ke shigowa. Sannan ta ce wa mai ɗakin, "Buɗe adakarki in gani." Abin da ta tarar a ciki, da shi take aiki. A gidan Mushe Zaidu, malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka kawo mana daga Illela, na ga ta rataye jakar fata ta Buzaye kusa da madubin Sakkwato, ta jera faifai bakwai a sama, kowanne da launinsa, ta kife wata tsohuwar ƙwarya mai zane a tsakiyarsu. Matar gidan, Karima, ta so a jefar da ƙwaryar don ta taɓa tsagewa. Inna ta ce, "Bar ta, ɗiyata. Wadda ta ɗinke tsagar ga ta iya hannu, a bari mutane su gani." Yau baƙo in ya shiga, ƙwaryar yake fara tambaya.

Shekarar da ruwa ya rushe gidajen gangare, ɗakin maƙwabciyarmu Bilkisu na cikin waɗanda suka faɗi, mijinta kuma yana cirani. Babu wanda ya ji rauni, amma tangaran ɗin da ta gada wurin mahaifiyarta, wadda ta rasu watanni kaɗan kafin nan, duk sun farfashe ƙarƙashin bango. Dangi suka yi gayya suka tayar mata da sabon ɗaki, Bilkisu ta ƙi shiga. Sai ta wuni a rumfa, abinci ma sai an matsa mata, tana cewa za ta kwashi 'ya'yanta ta koma Konni wurin yayanta, don babu abin da ya rage mata a nan.

Inna ba ta yi mata wa'azi ba. Kwana biyu tana tona ɓaraguzai da hannu tana tsince gutsattsarin tangaran, har yatsunta suka yi jini. Ta wanke su tas, ta shafe sabon bangon da jar ƙasa, ta dinga danna su ɗaya bayan ɗaya har suka zagaye taga. Sannan ta leƙo waje.

"Bilkisu, taho ki riƙe mani ƙwaryar ga, hannuna ya gaji."

Bilkisu ta shigo ba don ranta ya so ba. Ta tsaya cak. Ta kai yatsa kan wani guntu mai shuɗin fure.

"Wanga na innata ne. Cikinai take zuba ma baƙi dabino."

"Na sani," in ji Inna. "Ni ma na ci cikinai."

Bilkisu ta durƙusa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da ɗakin ya faɗi. Da la'asar ita da kanta ta shigo da tabarmarta. Tana nan Tajaye har yau.

Ke ce, Inna, mai hannun alheri, wadda ba ta taɓa raina ɗakin talaka ba. Ba ki shiga lakwal ba, ba a rubuta sunanki a jikin bango ko ɗaya ba, amma mata nawa suka daina jin kunyar cewa baƙo ya shigo saboda ke? Bana gwiwa ta hana ki hawa tsani, ido kuma ya fara rauni, kin ce kin aje aiki. Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da ɗaki a Aljanna wanda ya fi duk waɗanda kika ƙawata.

Ku kuma matan Tajaye da Alela da ƙauyukan kewaye, ku je ku gaishe ta tun tana iya nuna muku yadda ake kwaɓa ƙasa. Gidanta na bayan masallacin Juma'a, ƙofar a buɗe take. Na tambaye ta me mai son koyo zai zo da shi, ta yi dariya ta ce, "Ta taho da zanen da ba ta jin tsoron ya ɓaci."