Garwar Ruwan Ayabar Bature

Har in koma ga Ubangijina ba ni mance ranar da anka tuɓe ni daga helumanci saboda ayaba. Ku na yanzu ba ku san heluma ba: shi ne shugaban 'yan alaro, masu ɗaukar kayan Bature a ka idan ya fita rangadi.

Bayan babban yaƙi munka samu wani Di'o, Baturen mulki, wanda ya zo da ɗiyar ayaba daga Kurmi, dashe cikin rabin ganga. Iskar ƙasarmu tana tsattsage mata ganye, saboda haka a ɗaki take zama, gefen taga. Hidimarta a wuyana take: a shayar da ita safe da marece, a shafe ganyenta da jiƙaƙƙen tsumma. Duk inda ya nufa, da ita.

Cikin bazara munka tashi daga Wurno zuwa Goronyo. Cikin masu ɗaukarta akwai Baba Ummaru, dattijo, mutumin Kagara. Munka isa bariki rana tsaka, rijiya ta ƙafe, salkunanmu sun bushe, waɗanda na aika gulbi ba su komo ba. Anka shigar da ayaba ɗaki mai sanyi. Baba Ummaru kuwa ya yanke jiki ya faɗi bakin ƙofa, leɓunansa sun tsage, ko kalmar shahada ba ta fita. Ruwan da ya saura garwa guda ce, ta ayaba. Na ɗauko na ɗura masa, na kwarara masa sauran a ka, har ya buɗe ido.

Bature yana can gidan hakimi, bai gani ba. Kuku ne, ɗan'uwanmu, wanda muke cin tuwo akushi ɗaya, ya tarbe shi da labari tun bai sauka daga doki ba. Anka kira ni, tafinta ya ce ana tambaya da izinin wa na taɓa ruwan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mi za ni ce wa ɗiyan Baba Ummaru in na kai musu gawa? In ce ayaba ce ta sha ruwan?"

Bature ya ce in tuɓe rigar aiki nan take. Na tuɓe, na ninke, na aza gabansa. Da marece kuku ya raɓo ni, wai in yi haƙuri, shi ma yana da iyali. Na juya masa baya. Washegari munka kamo hanyar gida a ƙasa, Baba Ummaru yana dafe da kafaɗata.

Ku riƙe wannan daga bakina: Bature baƙo ne, idanu biyu gare shi kamar kowa. Da idanunmu ya mulke mu.