Gonar Kaka da ke cikin kaset

Wata Laraba, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu, na kai wa Kaka Yagana fura a fadama, na tarar da ita kan rumfar korar tsuntsu ta ɗaure igiyar gwangwanaye a babban yatsan ƙafarta. Jan-baki na sauka kan shinkafa, ta ja ƙafa, gwangwanaye su yi ƙara, amma idonta na kan gem ɗina, ɗan akwatin wasan da Kawu ya kawo mini daga Maiduguri. Kwana uku ina nemansa har da kuka, ashe tsohuwar ce ɓarauniya.

Wasan noma ne a cikin ɗan kaset ɗin da ake zura wa gem ɗin. Kaka ba ta san boko ba, ni na riƙa fassara mata, cikin wata guda ta fi ni iyawa. Ta kuma raina shi. "Takwara, gonar da ba tsuntsu ba ambaliya, ai ragwaye suka yi ta," in ji ta, amma ba ta ajiye ba. In batir ya yi sanyi, sai ta shanya shi a rana gefen kifi, ta ɗan cije shi, ta mayar. Mun sha faɗa kan wanda zai riƙe, kullum ni ke sakar mata, don ina sonta ƙwarai.

Bayan rasuwarta na adana kaset ɗin a ƙasan akwati. Bara wani mai gyaran waya a kasuwar Haɗeja ya ce mini akwai ɗan batiri a cikinsa, ranar da ya mutu gonar da Kaka ta shuka a wasan za ta shafe. Na roƙe shi ya ceto mini ita. Kamfanin ya daɗe da daina ƙera na'urar, tamu kuwa ta lalace. Mai gyaran ya yarda ya kwafe mini wasan da gonar zuwa waya, da sharaɗin kada in tura wa kowa. "Hajiya, masu abin suna kai mutum kotu ko da sun daina sayarwa. Wannan ma don naki ne, kuma ban ce ba haɗari ba."

Na buɗe a bakin shagon. Ga gonar nan, layi-layi yadda take dashen shinkafa, komai ya nuna. Yarana sun dame ni in girbe, su ga me zai biyo. A fadama yanzu ba mai hawa rumfar nan. Ni dai na ce su bari, ba ni na shuka ba.